Ra'ayi: Ɗan ci-rani, wace rana za a buɗe geron da ka kulle?

Da zarar ruwan shuka ya sauka a ƙasar Tasawa da Mayahi, akwai wani saƙon murya da ke fara yawo a WhatsApp, daga ƙauyukan Maijirgi, Korgom, Kanambakashe da Sarkin Hausa zuwa Tamanrasat, Sabha, Legas da Abijan. Kalmomin kan bambanta, amma maganar ɗaya ce: "Yaya, hatsin gida ya ƙare. A buɗe naka?" Amsar ma kusan ɗaya ce: "Ku ɗan ƙara haƙuri. Kar a taɓa sai na ce."

Hatsin da ake magana a kai buhunan gero ne da ɗan ci-rani ya turo kuɗi ta Nita ko Amana aka saya masa da kaka, lokacin da yake da araha, aka jibge a ɗaki aka danna kwaɗo. Wani ya saya don gida, wani don kasuwa. Yawancinsu kuwa ba su tsayar da magana ɗaya ba, kuma daga nan matsalar take farawa. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya kulle hatsi da kaka ya kamata a ranar da ya kulle ya faɗi ranar buɗewa da wanda zai buɗe, kuma ranar kada ta wuce noman farko.

Irin wannan gardamar ana yin ta a wani wuri da ba za ka zata ba. A jihar Kentaki ta Amurka ake yin mafi yawan wata barasa da suke kira burbon, wadda dokarsu ta ce dole aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka yi ta da shi ya zama masara, a kuma tsima ta cikin sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta. Akwai irinta da ba a cika samu ba, kamar Pappy Van Winkle mai shekara 23, wadda kwalba ɗaya kan kai dubban daloli a hannun 'yan kayi-na-yi. Masu tara irin waɗannan kwalabe sun shafe shekaru suna musu: a buɗe a sha, ko a ajiye? Abin shansu ba namu ba ne, addininmu ya raba mu da shi. Abin da ya ja hankalina shi ne wata gaskiya da dukkansu suka yarda da ita: tsimuwar a cikin ganga take faruwa, da an ɗura a kwalba ta tsaya. Wanda ya ajiye kwalba shekara goma bai ƙara mata daɗi ko kaɗan ba, farashi kawai yake jira, ko wata rana ta musamman da shi kansa bai san ta ba. Shi idan ya yi kuskure, abin da ya rasa marmari ne. Namu kuskuren a cikin yara yake fitowa.

Kada a ɗauka ina zagin ajiya. Ƙasar da ruwa ke sauka wata uku zuwa huɗu a shekara, a kan jigawa, ba ta rayuwa sai da rumbu. Kakanninmu suna da rumbun tsimi, wanda ba a taɓawa sai shekara ta ɓaci, kuma ana auna magidanci da yawan shekarun tsohon geron da ke gidansa. Amma a duba yadda tsarin yake a ƙasar Maraɗi. Akwai gandu, gonar gida gaba ɗaya a ƙarƙashin maigida, akwai kuma gamana, ɗan filin da mace ko saurayi ke nomawa don kansa. Bayan girbi a kan ci na wani lokaci, sai maigida ya rufe rumbun gandu, samari su tafi ci-rani, wanda asalin ma'anarsa ke nan: ka je ka cinye rani a wani wuri don bakinka ya ragu a kan hatsin gida. Mata su riƙe gida da abin gamanarsu da 'yar sana'a. Idan damina ta faɗi, samari sun dawo, sai a buɗe rumbun gandu, domin mai riƙe da hauya tun safe sai da fura mai kauri. Kowa a gidan, har yaro, ya san lokacin. Ba sai an roƙi kowa ba.

Ko a ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, da malamai ke kawowa duk lokacin da ake maganar tanadi, abu biyu ne a ciki. An ce a bar hatsin cikin zangarniyarsa, an kuma faɗi shekarun da za a ci shi. Mu mun riƙe rabin farko na tara, mun saki maganar zangarniya da ta lokacin ci.

Maganar zangarniya ba ƙarama ba ce. Geron da aka zuba rumbu dami-dami, ba a sussuke ba, yana iya shekaru lafiya idan rumbun na ɗage daga ƙasa kuma jinkarsa ba ta yoyo, saboda iska na ratsa shi, ƙaiƙayi kuma na kare ƙwayar. Geron ɗan ci-rani sussukakke ne, a buhun leda, a ɗakin kwano ko na laka, galibi a kan daɓe. Gara na bi ta ƙasa, ɓera na bi ta sama, danshin watan Agusta na bi ta bango. Wake ya fi muni, domin da ƙwaronsa ake shigo da shi daga gona, cikin 'yan watanni sai ka tarar da huji ko'ina. Abin da ya sa buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi a 2007 tare da masu bincike irin na cibiyar INRAN ta Maraɗi, ya karɓu ke nan: yana hana iska shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Amma ɓera ya huda shi sau ɗaya ya koma buhu kamar kowane buhu, kuma mutumin da ke Sabha ba zai ga hujin ba. Ambaliyar 2024, wadda ta yi mummunar ɓarna a jihar Maraɗi, ba ta tambayi ɗakin wa aka kulle ba.

Duk wannan asarar da ake gani ce. Wadda ba a gani ta fi ta girma, kuma a kanta nake so mai karatu ya tsaya.

A ce gida na da mutum goma, suna cin tiya biyu a rana. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne, wato kwana 20. Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba, lokacin da sabon gero ke fara nuna, kusan kwana 90 ne, buhu huɗu da rabi. Idan ka ce kar a taɓa, cikin mutum goman nan ba ya jin maganarka. Dole a samo tiya biyun daga wani wuri, kuma wuraren sanannu ne.

Na farko barema. Ƙanenka zai bar gonarku ya tafi gonar mai hali, ya yi noma a biya shi da yamma, ya auno tiya. Kwanakin da yake can su ne kwanakin da ciyawa ke cin geronku, domin noman farko ba ya jira. Gonar da aka makara nome ta, aka kuma kasa yi mata maimai, ba ta ba da damin da ta saba, ko da ruwa ya yi kyau. Ka ga buhun da ka hana a buɗe a Yuli ya riga ya rage abin da za a girba a Oktoba, kuma da kaka kai ne za a sake kira ka turo.

Na biyu akuya. Jar akuyar Maraɗi ita ce bankin mace a Mayahi da Tasawa. A tsakiyar damina, gidajen da hatsi ya yanke wa suna kai dabbobi kasuwa lokaci guda, a daidai sa'ar da gero ya fi tsada, don haka akuyar da za ta sayi hatsi mai yawa da kaka sai ta tafi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ta tafi da nononta da 'ya'yan da za ta haifa. Kuma ba akuyarka ba ce, ta innarka ce ko ta matarka.

Na uku bashi, irin wanda mutanen yankin suka raɗa wa suna "a ci ba daɗi": ka karɓi kuɗi ko hatsi da damina, ka biya da amfanin gona da kaka, a farashin kaka. Sunan kaɗai ya isa bayani. Daga nan sai jinginar gona, wadda a ƙasar da ƙasa ta yi wa mutane kaɗan irin kudancin Tasawa, ba kullum take dawowa hannun mai ita ba.

To, ka haɗa waɗannan ka ɗora a kan ribar da kake jira. A ce buhunka ya ƙara jika biyar ko goma tsakanin Yuli da Agusta. Ka ci wannan, gidanku ya yi asarar noma, akuya da bashi. Aljihunka da tukunyar gidanku lissafi ɗaya ne, ko da kana ganinsu dabam saboda nisa.

Ita kanta ribar ba tabbas ba ce. Mun saba cewa gero na araha da kaka, ya yi tsada da damina, kuma yawancin shekaru haka ne. A 2024 ya yi tsadar da ta gigita mutane, bayan takunkumin ECOWAS da rufe iyaka da suka biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ga kuma tsadar abinci a Najeriya. Da yawa suka ɗauki darasin cewa duk wanda ya ɓoye ya ci. Sai ga shi a Oktoban 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta hana fitar da hatsi waje, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso, kakar kuma ta yi kyau. A 2025 farashi bai yi tashin da aka zata ba, a Najeriya ma faɗuwa ya yi, masu sito da dama suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Farashin gero a kasuwar Tasawa ba a Tasawa kaɗai ake yanke shi ba. Yana bin Dawanau ta Kano, yana bin canjin naira da sefa, yana bin takardar da wani minista zai sa wa hannu a Yamai. Manyan 'yan kasuwar Maraɗi masu kunne a duk waɗannan wurare su ma suna faɗuwa, balle mai aikin gini a Aljeriya da ke jin farashi ta bakin abokinsa.

Nijar ta san ɗakin hatsi a kulle fiye da yadda ya kamata. Bayan yunwar 1931, Turawan Faransa sun tilasta wa talakawa zuba hatsi a rumbunan ajiya da ba a buɗewa sai da izinin hukuma. A takarda dabara ce mai kyau, amma mutane sun tsane ta, domin hatsinsu ne, yunwarsu ce, izinin kuma na kumandan. A 15 ga Afrilun 1974, da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani ana tsakiyar fari, cikin manyan zarge-zargen da aka yi wa gwamnatin akwai na taimakon abinci da ke jibge bai kai ga masu yunwa ba. A 2005 kuwa, bayan fari da fārin 2004, kasuwannin jihar Maraɗi ba su rasa hatsi ba, kuɗin sayensa ne ya gagari talaka, a shekarar da ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar, akasarinsu a Maraɗi. A lokacin wasu jaridun Turai sun yi ta yayata cewa maza a Nijar suna kulle rumbu su bar mata da yara da yunwa. Ba su fahimci gandu da gamana ba, sun kuma yi mana kuɗin goro. Amma duk wanda ya san ƙauye ya san ba daga iska suka ɗauko maganar ba. Tsarin yana aiki ne lokacin da gamanar mace ke da girman da zai riƙe gida wata shida. Yau filayen sun tsuke, mata da yawa ba su da gamana sam, amma an ci gaba da rufe rumbu kamar suna da ita. Ɗan ci-ranin da ya tafi da izinin buɗewa a wayarsa, wayar da kan yi sati ba ta shiga, ya zama ƙaramin kumandan a gidan ubansa ba tare da ya yi niyya ba.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Kuɗin nan ba tsinto su aka yi ba. An same su a ramin zinariya na Jado, ko a kan bene ana ɗaukar bulo, ana ɓuya daga 'yan sanda, ana iya kwashe mutum a zube shi a Assamaka da rigar jikinsa kawai. Wanda ya sha wannan yana da haƙƙin ya ji tsoron a buɗe ɗakinsa a Janairu don suna ko biki, ko wani yaya ya sayar da buhu biyu ya ƙara aure, damina ta zo ba ko tiya. Wannan na faruwa, kowa na da labarin gidan da aka yi haka. Ga mai wannan tsoron, kwaɗo shi ne kaɗai muryarsa a gida.

Sai dai maganin wannan tsoron an daɗe da samo shi a yankin nan. Tun wajen 1999 aka fara tsarin jinginar hatsi da ake kira warantaj a Nijar, da tallafin hukumar FAO: manoma su zuba amfaninsu a sito da kaka, asusun bashi ya ba su rance a kai, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiyar manoma, ɗaya a hannun asusun. Ba mai iya buɗewa shi kaɗai, kuma tun ranar rufewa an san watan buɗewa. Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a Maraɗi a 1991 har tsarin ya bazu ƙasashe da dama, a kan ƙa'ida irin wannan suke: akwati a kulle, makullai a hannu dabam-dabam, ranar rabo sananniya. Matan da yawancinsu ba su shiga aji ba sun riƙe wannan fiye da shekara 30. Ba abin da zai hana gida ɗaya ya kwaikwaya. Ka raba buhunanka tun da kaka, a gaban shaidu: waɗannan na ci ne, waɗannan na kasuwa. Na kasuwa ka yi cacarka da su yadda ka so, dukiyarka ce, matuƙar ba ka shiga sahun masu ɓoye abinci ana tsananin buƙata ba, wanda malamai sun yi magana a kansa. Na ci kuwa a sa musu kwaɗo biyu. Ni da za a bi tawa, makulli ɗaya na hannun matar da ke ɗora tukunya, domin ita ce ta fi kowa sanin ranar da fura ta fara zama ruwa. Sharaɗin buɗewa ya zama abin da kowa ke gani da idonsa, wato saukar ruwan shuka, ba shigar waya ba.

Wasu za su ce ai gwamnati na sayar da hatsi da rangwame ta OPVN da damina, a jira wannan. A jira, in ya zo a saya. Amma ofishin da aka kafa tun 1970 bai taɓa alkawarin ciyar da kowane gida wata uku ba, kuma abin da ke isa ƙauye ɗaya, idan aka raba, ba ya kai gida nisa.

Akwai abu ɗaya da na yarda a kulle shi da gaske, ko yara na kuka, shi ne iri. In akwai abin da ya yi kama da waccan kwalba da ba a samun irinta, to shi ne zangarniyar da tsoho ya zaɓa da hannunsa a gona, ya ɗaure dabam. Ana iya sayen HKP ko CIVT, ingantattun irin da masu bincike suka fitar, ana iya samun Chakti da aka fitar a 2018, kuma suna da amfaninsu, musamman saurin nuna a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Amma zango mai doguwar zangarniya da gidanku ya shekara da shekaru yana zaɓa a kan jigawarku ba a shago yake ba. Gidan da ya daka irinsa a Mayu ya sha fura kwana uku, ya rasa abin da aka gada. Kuma ga yadda abin ke haɗuwa: gidan da aka hana buɗe buhun ci shi ne gidan da ke kai hannu ga iri.

Shi ma irin ba a ajiye shi don kallo. Ƙwaya abu ne mai rai, ƙarfin tsirarta na raguwa shekara bayan shekara a zafi irin namu, don haka hanyar adana shi ita ce a shuka, a sake zaɓa. Hatta babban rumbun iri na duniya da aka buɗe a 2008 a tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, cikin dutse da ƙanƙara, an taɓa shi a 2015, lokacin da yaƙin Siriya ya raba cibiyar ICARDA da ma'ajiyarta ta Halab. Suka karɓo irinsu, suka shuka a Labanan da Maroko, suka mayar da sabo. Wanda ke Tamanrasat ko Legas ba zai iya zaɓen zangarniya ta waya ba, amma a kiran da zai yi na gaba yana iya tambayar Baba wa ke riƙe da irin gidan, a wane rumbu yake, kuma wace damina aka shuka shi ta ƙarshe.